Fil a Bakin Garwashi

A layin shagunan da ke bayan tashar mota ba wanda ya san ta da wani suna sai Garwashi. Tela ce, gajera mai faɗin kafaɗa, gilashinta ɗaure da zare ta gefe guda. Ɗinkinta ba ya farkewa, bakinta kuma ba ya rufuwa. Tun tana yarinya haka take. Uwarta ta yi duka har ta gaji, mijinta ya yi lallashi har ya bar duniya, 'yarta ta ja ta asibiti aka duba aka ce lafiyarta ƙalau.

"To kin ji," ta ce da 'yar a hanyar gida. "Ba ciwo ba ne. Mutane ne."

Ranar da ta jefi wani mai babur da dutsen guga don ya tare mata ƙofa, ba ta same shi ba, gilashin tagar mai aski ta samu. Mai shagunan, wani dattijo mai sanyin murya, ya zo ya daɗe yana kallon ɓarnar.

"Inna, wannan ne na ƙarshe. Kika ƙara tayar min da layi, ki ba ni makullina."

Garwashi ta waiga ta dubi shagonta. A wannan shagon ta ci da 'ya'yanta har suka girma. Ƙafafun kekenta sun yi rami a simintin. In ta fita, ina za ta kai shi da tsufan nan?

Maganin bai zo daga wa'azin kowa ba. Wata rana tana gwada wa wata yarinya rigar makaranta, fil cike da leɓɓanta irin na teloli, uwar yarinyar na tsaye tana ta mita. Garwashi ta ji kunnuwanta sun yi zafi, hannunta ya fara lalubar abin jifa, zagi ya taso har maƙogwaro. Sai dai ba halin buɗe baki. Kafin ta soka fil na ƙarshe a gindin rigar, zagin ya sace, abin da ya rage shi ne maganar da take son faɗa. Ta faɗe ta, mitar ta ƙare.

Daga ranar, da ta ji zafin kunnen nan sai ta zaro fil daga ƙirjin rigarta ta sa a baki.

"Yaya, ranar da kika haɗiye ɗaya fa?" in ji mai gyaran takalman da ke maƙwabtaka da ita.

"Sai ka yi wa fil ɗin jaje."

Ana haka, wata ranar kasuwa da hantsi, matar wani direba ta shigo da doguwar rigar da Garwashi ta ɗinka mata. Ba ta yi sallama ba. A bakin ƙofa ta tsaya, inda kowa zai ji.

"Yadin da na kawo ya isa riga da ɗankwali har da saura. Ina sauran? Tsofai-tsofai da ke kina satar ƙyalle?"

An kira Garwashi mafaɗaciya, an kira ta mahaukaciya, duk ta amsa. Ɓarauniya ce ba a taɓa kiranta ba. Kunnuwanta suka ɗau wuta. Mai aski ya leƙo da kumfa a hannu. Mai shagunan yana zaune a benci a tsallake, ya ajiye rediyonsa.

Ta sa fil a baki. Bai isa ba, ta ƙara wasu.

Matar ta ci gaba da zuba, ganin ba a mayar mata ba. Garwashi ta miƙa hannu kan teburin yanka, kusa da almakashi. Mai gyaran takalma ya miƙe tsaye.

"Yaya, don Allah."

Reza ta ɗauka. Ta karɓe rigar daga hannun matar, ta zauna, ta juya ta, ta fara farke ɗinkinta na kanta. Hannu, wuya, gefe, kalmasa. Ba ta yanki yadin ko kaɗan ba. Ba a jin komai a layin sai ƙarar zare yana tsinkewa. Da ta gama ta shimfiɗa gutsattsarin a kan tebur, ta jawo ledar da take tara ragowar ƙyallen kowa daban, ta zazzage na matar, ta jera su a gurabensu. Yadin ya koma yadda aka kawo shi, ba giɓi.

Sannan ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta mayar ƙirjinta.

"Ga kayanki, 'yar nan. Duba da kyau."

Matar ta duba tebur, ta duba mutane. "To ai shi ke nan, Inna. Sai ki mayar min da ita."

"Ni? Allurata ba ta ƙara shiga yadinki. Kwashe."

Matar ta kwashe a leda ta fita, kanta a ƙasa.

Mai shagunan ya tsallako yana murmushi. "Kai, Inna, yau kin yi haƙuri."

"Wa ya ce maka? Fushi nake yi har yanzu, kuma zan yi shi har gobe. Nawa ne. Ban dai ba matar nan shagona a kansa ba." Ta dube shi ta saman gilashi. "Ko makullin ka zo karɓa?"

"Ni na isa?"

"To matsa min daga haske."

Ta ɗora ƙafa a kan keke. Ranar ta taka shi da ƙarfin da mai aski ya ce har madubinsa na girgiza.