Rabin Maganar Baba Nomau

Shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Mushe Isuhu, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Tamaske. Yana da rai ban taɓa kiran sunansa ba, Mushe nake ce masa kamar kowa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Yau na rubuta sunan a jarida don na gaji da jiran wani ya rubuta. Ana yawan ba da tarihin yadda radiyo da tele, wato talabijin, suka fara a ƙasar nan, a jero sunayen daraktoci, a nuna hotunansu cikin kwat. Waɗanda suka saɓa akwatin ɗaukar magana a kafaɗa suka bi ƙauyuka da shi, ba mai ambatonsu. Abin da aka yi da maganar da suka ɗauko kuwa, kowa ya yi gum. 'Ya'yana suna ganin ya kamata tsufa ya sanyaya mini zuciya. Bai sanyaya ba.

A farkon shekarun saba'in aka tura mu Tama, ina amarya. Radiyo guda ne a unguwarmu, na ƙungiyar masu saurare da aka kafa a garin, kuma Mushe ne mai kula da shi. Ranar shirin manoma, in an yi la'asar, sai ya kife turmi ƙarƙashin gawo ya ɗora radiyon a kai. Maza su zauna gaba, mu mata mu tsaya bayan darni. In shirin ya ƙare, a yi ta muhawara a kansa, shi kuma ya ɗauki maganar mutane da akwatin da muke kira manyeto, ya cire bandi, wato zaren da maganar ke kai, ya aika da shi gidan radiyo na Yamai ta motar Buza. Bayan wasu makonni sai a ji muryar mutumin garinmu tana fitowa daga radiyo.

Da farko mutane sun ji tsoro. Suna ganin duk wanda ya yi magana cikin akwatin nan, jandarma za su zo nemansa. Mushe ya yi ta bin su gida gida yana lallashi. Sai wata mata mai suna Hajo ta yi ƙarfin hali ta yi kukan rijiyar unguwarsu da ta rufta. Aka sa maganarta, ba a jima ba maginan rijiya suka zo da siminti. Ranar nan Mushe ya kasa cin tuwo don murna. Ya ce mini, "Kin gani ko? Talaka ya samu baki." Da dukan zuciyarsa ya yarda da haka.

Akwai dattijo guda da ya ƙi akwatin ƙememe, Baba Nomau, manomi mai lambun albasa a kwari. Kakanninsa sun zauna ƙarƙashin masu raƙuma na arewa, shi kuma ya tashi da horon cewa ba a ɗaga murya gaban mai iko. Yakan zo saurare, amma in aka miƙo masa abin magana sai ya kau da kai. Mushe yakan ce masa, "Baba, abin da ka hwaɗi shi za a ji, ba ƙari ba ragi. Na ɗauki wannan bisa wuyana." Tsohon ya yi murmushi kawai.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ta gazawa, rumbuna suka ƙone, shanu suna faɗuwa bakin hanya. Ni matar ma'aikaci ce, amma da hannuna na jiƙa anza don a cire mata ɗaci mu ci. Ajin Mushe ya watse, iyaye sun kwashi yara sun yi kudu. Radiyo kuwa kullum yana ba da labarin jar dawa da ƙasashen waje suka aiko, yana cewa an raba ta cikin larduna. Muna jin dawar a kunne, ba mu ganin ta a ƙwarya.

Wata safiya Baba Nomau ya zo ƙofar gidanmu da kansa ya ce a ɗauko akwatin. Ina bakin murhu, na ji duk abin da ya faɗa, kuma har gobe yana cikin kaina:

"Mu mutanen Tama muna godiya ga gwamnati bisa dawar da anka aiko muna. Mun gode. Sai dai cikin radiyo munka ji ta, ba ta iso ba. Mun tahi Buza, mun iske magaze, ɗakin ajiyar dawar, kulle, anka ce mu koma gida. Ni Nomau na bizne jikokina biyu cikin watan ga. In dawar ga tana nan, a hwaɗa muna inda take, mu tahi da ƙahwa mu ɗauko. In babu ta, a daina hwaɗi, don ɗiyanmu na jin radiyo suna tambayarmu."

Mushe bai amince wa motar Buza ba wannan karon. Da keke ya kai bandin Madawa, ya damƙa shi hannun direban da ya sani.

Ranar da aka sa shirin, duk wanda ya rage a garin yana ƙarƙashin gawon nan. Mai gabatarwa ya ce ga wani dattijo daga Tama. Muka ji muryar Baba Nomau tar: "Mu mutanen Tama muna godiya ga gwamnati bisa dawar da anka aiko muna. Mun gode." Sai kiɗan gurmi ya biyo. Ba wanda ya motsa, muna zaton in kiɗan ya ƙare sauran maganar za ta zo. Da kiɗan ya ƙare, aka shiga bayanin yadda ake adana irin gyaɗa. Mushe ya kama murɗa radiyon, yana jijjiga shi, kamar laifin pil ne, wato batir. Baba Nomau ya dafa sandarsa ya tashi ya tafi, bai dubi kowa ba.

Wanda ya yanke maganar nan yana iya cewa 'yan kalmomi ne ya cire. To, ga abin da 'yan kalmomin suka jawo. Mutanen ƙauyukan kewaye sun ji radiyo, suka ɗauko buhunan wofi da jakunansu da suka rage, mata da goyo, suka nufo Tama. Suka iske mu da anza. Wasu suka koma suna tsine mana, wai mun ɓoye. Da wakilan gari suka sake zuwa Buza, wani ma'aikaci ya ce musu, "Ba ku ne kunka yi godiya cikin radiyo ba?" Da kamiyon dawa, manyan motocin kaya, suka zo daga baya, ta wasu garuruwa aka fara. Cikin gari kuwa aka soma raɗa cewa an ba tsohon buhu a ɓoye ya sayar da bakinsa. Yara suka laƙaba masa suna Mun-gode.

Baba Nomau ya sake zuwa gidanmu sau ɗaya. Na shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Na kawo ruwa, bai karɓa ba.

"Mushe," ya ce, "ni ban san Yamai ba, ban san masu radiyo ba. Kai na sani. Kai kac ce ba ƙari ba ragi."

"Baba, wallahi duka na aika."

"Na yarda. Amma bakina anka ji, ba naka ba."

Cikin makon nan ya kwashi iyalinsa da suka rage ya yi kudu. Daga baya muka ji ya rasu a wani ƙauye gaba da Madawa, kafin su kai iyaka.

Mushe ya saɓa manyeton, ya hau bayan kamiyon albasa ya tafi Yamai. Mutumin da ke kula da shirin ba baƙo ba ne gare shi. Tare suka yi makarantar horon malamai, kuma shi ma ɗan ƙasarmu ta Adar ne, ya san ɗacin anza. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya da ba su yi mini laifi ba. Ya karɓi Mushe a bironsa, ofis mai fanka, ya saurare shi, ya ce, "Isuhu, kai aikinka ka ɗauko magana. Namu aikin mu san wadda ta dace ƙasa ta ji." Mushe ya nemi a sa sauran maganar ko da a makare. Aka ce an yanke ta da reza an jefa kwando, sauran bandin kuma an goge an ɗauki jawabin wani babba a kai. Mushe ya ce to a ba shi ɗan lokaci ya faɗe ta da bakinsa, ya haddace ta. Mutumin ya yi dariya, ya ce ya bar manyeton a wurin mai gadi in zai fita.

Mushe bai daɗe da dawowa ba aka ɗauke mu daga Tama, aka jefa mu wata lakwal ta zana cikin duwatsun arewacin Keita, inda ruwan sha ma sai an yi tafiya. Can muke lokacin da soja suka karɓi mulki. Radiyo ya juya rana ɗaya. Aka shiga ba da labarin dawar taimako da aka iske jibge a gidajen manya, ana la'antar waɗanda suka bar talakawa da yunwa. Muryar da ke karanta wannan labari, cikin fushi da tausayi, ta abokin karatun nan na Mushe ce. Mutumin nan bai taɓa rasa kujerarsa ba. Gaba ya yi ta yi, har ya huta da aiki cikin girma, aka yi masa liyafa. Mu kuma ba wanda ya tuna ya dawo da mu.

Cikin shekarun tamanin tele ta iso ƙauyuka. Aka kafa ta cikin akwatin ƙarfe a dandali, da faranti mai jan wuta daga rana, mutane suna zama kan rairayi suna kallo. Lokacin mun dawo kusa da garin Keita, inda mata ke ɗaukar duwatsu a ka suna jera su don tare zaizayar ƙasa. Aiki ne na gaske, kuma matan nan sun cancanci duniya ta gan su. Masu ɗaukar hoto suka zo, shugabansu ya nemi Mushe tun da shi ne malamin garin. Ya ce ya zaɓo musu mata masu fara'a, ya koya musu abin da za su ce. Mushe ya amsa masa a gaban maigari: "In maganarsu kuke so, ku tambaye su, ku sa ta duka. In taku kuke so, ku hwaɗe ta da bakinku." Suka sami wani ya yi musu. Shi kuwa bai sake miƙa wa ɗan Adam abin magana ba har ya koma ga Allah.

Duk da haka bai tsani radiyo ba. Kullum yana manne da shi, har cikin ciwon ƙirjin da ya ɗauke shi. Ni ce nake cewa a kashe, shi ya ce akwati ba ya ƙarya, mutane ke yi.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Ga gidajen radiyo a Madawa, a Buza, a Keita. Mace tana lambunta a Tama za ta ɗauki salula ta kira, a ji ta nan take da Adarancinta, ba mai gyara mata. Na san zai yi murna, wataƙila ya sake kasa cin tuwo. Amma na san kuma zai ga abin da nake gani. Kwanan baya jikata ta kunna mini maganar wani limami da ake yaɗawa ta waya, an cire farkonta da ƙarshenta, har mutane suna shirin zuwa gidansa da sanduna. A zamaninmu reza guda ce, tana hannun mutum guda a Yamai. Yanzu tana aljihun kowa, kuma masu yanka ba su ma san ana jin kunyar abin ba. Ku matasa masu aikin radiyo da tele, da ku masu tura magana ta waya, wanda ya ba ku muryarsa amana ya ba ku. In ba za ku iya isar da ita cikakkiya ba, ku bar masa abarsa.

Me ya rage na Mushe? Ya ɗauki muryoyin mutane masu yawa, manoma da masaƙa da ungozoma da makaɗa, amma tasa babu ko ɗaya. Tambaya kawai yake yi, kuma ita ake fara cirewa. Ɗanmu ya je ya bincika inda ake ajiyar tsofaffin bandi, bai samu komai ba. Ran nan jikata ta ce in kwatanta mata muryar kakanta. Na buɗe baki, sai na iske ta fara ɓace mini. Muryar wancan abokin karatun nasa kuwa tana nan a adane, ana sake sa ta in ana tuna da.

Abin da ya rage ɗabi'a ce. A gidanmu ba a katse mutum. Yaro ƙarami in yana magana, ko shirme yake yi, Mushe zai ɗaga hannu ya tsai da manya har ya gama. 'Ya'yanmu sun tashi da haka, nasu 'ya'yan ma haka, kuma tsofaffin ɗalibansa in sun zo gaishe ni wannan suke fara tunawa. Ba abu ne da za a rataya hotonsa a bango ba, amma na ga yana hana faɗa a gidaje.

Gab da rasuwarsa ya ce mini ya yafe wa abokin karatunsa, ni ma in yafe. Na ce to. Abin da aka yi mana, lakwal ta zana da shekarun da muka ci cikin duwatsu, na yafe shi tuntuni. Amma tsohon da ya yi shiru tsawon rayuwarsa, ya buɗe baki sau ɗaya saboda jikokinsa, aka mai da kukansa godiya, wannan ba hakkina ba ne balle in yafe. Allah ya jiƙan Mushe Isuhu, ya jiƙan Baba Nomau. Akwai ranar da za su tsaya su uku da mai rezar nan, kuma a can ana barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.