Ranar da Na Ce Ban San Inna Ba

Ranar wata Juma'a ce da la'asar, a shekarar da na cika goma sha uku, iskar arewa ta tayar da bahar ɗin Jidda har igiyar ruwa na dukan duwatsun Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin bahar, tana watsa wa mutane gishiri a fuska. Ina durƙushe a kan dutse da tsohuwar wayar yayana mai fasasshen gilashi, ina jiran ruwan ya tashi in ɗauki hoto. Wata bakwai ke nan ba ni da wani tunani sai wannan.

A unguwar Kurayyat ta Jidda aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki biyu da muke raba tsakar gida da wasu 'yan Cadi. Iyayena daga Damagaram suka zo Umara suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka karatunmu a ɗakin wani malami ne a bayan layi. In mun taso, aikina ɓare gyaɗar da Inna ta soya da yashi, in ƙulla ta a leda, sannan in fita ƙwallo ba takalmi. Alhamis da Juma'a nakan ɗaukar mata kular ruwan sanyi zuwa bakin bahar, inda take talla a tsakanin iyalan da suka baje darduma. Da na sauke kular sai in sulale wajen duwatsu. Ba ta taɓa hana ni ba, abin da take faɗa kullum shi ne, "Kar dai ka juya wa ruwa baya."

A ranar ne wani dattijo Balarabe mutumin unguwar Ruwais, wanda ake kira Ammu Salim, da na daɗe ina leƙen babbar kyamararsa daga nesa, ya tsaya a kaina ya nemi ganin abin da na ɗauka. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce ina da ido. Sai ya rataya mini kyamarar a wuya, ya nuna mini yadda ake tsayar da ɗigon ruwa a cikin iska. Larabcina irin na haihuwar gari ne, kuma na ji daɗin cewa bai tambaye ni ɗan wane ne ba.

Muna cikin haka na ji muryar Inna a bayana da Hausa, tana cewa in sauko in ci abinci. Tana tsaye da tire a ka, abayarta ta koɗe, silifa ɗaya ɗaure da waya. Ammu Salim ya tambaye ni ko na san ta. Na ce da Larabci, ba tare da na waiwaya ba, "A'a, ban san ta ba."

Inna tana jin Larabci sarai. Sai ta sauke tiren ta miƙa wa dattijon, kamar talla ce ta kawo ta. Ya sayi ƙulli biyu, ya ba ni ɗaya. Ta yi masa godiya ta wuce.

A motar komawa gida na kasa kallon inda take. Na jira faɗa ko duka, ba wanda ya zo. Ta zuba mini tuwo kamar kullum, ta tambaya kawai, "Hoton ya yi kyau?" Daga wannan makon ta daina zama kusa da duwatsun, ta koma can nesa inda ciniki bai kai ba, don kada ta sake katse ni.

Shekara biyu na yi ina koyo a wurin Ammu Salim, kuma sai da aka kama Inna aka mayar da ita Damagaram na iya faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, ya ce tun ranar ya gane, don fuskata da tata ɗaya ce.

Yau ɗaukar hoto ne sana'ata a unguwar Aziziyya, kuma an gyara Kurnish har na kasa gane dutsen da nake hawa. Duk Juma'a ina kiran Inna, ta ce in juya wayar ta ga bahar. Na sha shirya kalmomin neman gafara, da ta ɗaga sai mu ɓige da hirar zafi da ciwon gwiwarta. Har yanzu ban faɗa ba.