Damin Farko

A ƙauyenmu, can bayan Kachia, gayya ba ta da shugaba. Mai gona ya dama kunu, ya dafa tuwon acca, mutane su zo. Ba mai ce maka tsaya nan ko koma can. Ka duba inda hannu ya yi kaɗan, ka nufi wurin.

Shekarar da Baba ya rasu, ni da Mama muka shuka citta mu kaɗai. Ita kuwa citta in ba a rufe ta da ciyawa bayan shuka ba, rana ta dafa irin a cikin ƙasa, shi ke nan, shekara ta tafi. Rumbunmu babu abin dama kunun gayya. Mama ta ce gara ta mutu da ta kira mutane su yi mata aiki da yunwa.

Abin haushi, gonarmu a bakin hanya take. Ranar gayyar wani maƙwabcinmu ina tsaye ina kallon mata suna wucewa da dammunan ciyawa a ka, ƙasarmu tsirara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen da Baba ya ƙare ƙarfinsa a gonakinsu!

Sai wata tsohuwa da suke zumuntar mata a coci tare da Mama ta tsaya, ta jefar da daminta a gefen gonarmu.

"Maman yara, wuyana ya gaji," ta ce wa Mama. "Bari in koma in ɗauko wani."

Ƙarya take yi, matar nan ko jaki bai fi ta ɗaukar kaya ba. Ta bayanta ta gani, ta sauke nata. Ta bayan wannan ma haka. Ba wadda ta yi wa wata magana. Da mai gayyar ya ga ciyawa ta yanke masa, ya biyo hanya yana faɗa. Ya iso gonarmu, ya duba, ya sunkuya ya fara shimfiɗa ciyawar. Mama ta juya baya tana kuka.

Cittar ta tsiro. Tun daga nan, ba taro ba shawara, damin farko na kowa a gonar da ya fara tararwa a buɗe yake sauka. Ba a ƙara yin gonar da rana ta cinye ba.

Bara Mama ta rasu, ba wanda ya shuka komai a gonar. Na zo daga Kafanchan, inda nake zaune yanzu, lokacin shuka, na tarar da dammuna jere a gefenta.