Ƙuda a Kan Ɗanyen Fenti

Ina zaune cikin motar Kurfi a tashar Dutsin-Ma ina jiran ta cika, idona na kan wani dattijo da ke fentin kabet a rumfar kafinta. Siriri ne mai furfura, da ɗan gicciye a wuyansa. Ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Yana tsoma rola, ya murza ta a faranti har ta daina ɗiga, sannan ya ja ta daga sama zuwa ƙasa ba tare da ya danna ba. Shuɗin fentin na kwanciya sumul, babu layi ko ɗaya.

Wata mata na tsaye a kansa, ashe kabet ɗin na jeren 'yarta ne. Sai ga ƙuda ya faɗa tsakiyar murfin ya manne.

"Baba Edwin, cire shi mana! Gobe fa za a kai shi Barkiya," in ji ta.

"A'a, Hajiya. In na sa hannu yanzu, tabon zai fi ƙudan girma. Bari ya bushe, in goge da takardar samfefa, in sake bi sau ɗaya."

Ya maida hannuwansa baya ya riƙe, kamar bai yarda da su ba. Ko me ya taɓa ɓatawa a rayuwarsa garin saurin gyara? Motarmu ta cika ta tashi. Na waiwaya, yana nan tsaye yana kallon ƙudan, hannuwansa a baya.