Tabar Baba a Tukunyar Daddawa

Ranar wata kasuwar Magarya, a kakar gyaɗa, lokacin ko talla ba a fara ɗora mini ba, Baba ya dawo da guntun wani abu baƙi ƙirin, kaurin yatsa, a ɓoye cikin hularsa. Anasaran da ke awon gyaɗa ne ya sha ya yar. Inna ta ce ƙullin asiri ne, a jefa masai. Baba ya warware shi kan tabarma, sai ga ganyen taba, irin wanda muke nomawa a fadamarmu ta hanyar Dungas.

Komi, wato magatakardan Anasaran, shi ya gaya wa Baba sunan abin maduro. Wai ba Faransanci ba ne, maganar mutanen Sifaniya ce, ma'anarta nunanne: ganyen ake rufewa ya yi gumi har ya yi baƙi, ya yi zaƙi. Ni dai kaina ya ɗaure. Gwanda in ta nuna ja take yi, abin da ya yi baƙi kuwa zubarwa muke yi. Kuma ashe Anasara ma aron magana yake?

Baba ya kwaso tabar shekarar gaba ɗaya, wadda da ita ake yi mana kayan salla, ya tula gaban Inna. "Ke da kike nunar da daddawa, ganye zai gagare ki?" Tana mita ta yayyafa ruwa, ta danna a tukunyar daddawar batso, ta rufe da tsumma. Aikina korar awaki da taɓa tukunyar in ji ɗumi. Inna ta ce ruɓewa take, Baba ya ce nuna ce, ni kuwa duk wanda ya yi magana sai in ga gaskiyarsa.

Da aka buɗe, ta yi baƙi kam, amma warin har gidan maƙwabta. Wani ya shinshina ya ce an dace, wata ta ce a jefa a miya. Baba ya kai Magarya, ya tarar an rufe awo, Anasara da magatakardansa sun tafi. 'Yan taba suka ƙi saye. Da tsofaffin zannuwa muka yi salla, shi kuma ya shekara yana shan abarsa, hawaye na zuba, yana cewa, "Haka tasu take."

Yau ga ni da goyo, ko tari yaron ya yi sai na zaga gidaje ina tambaya, kowa da tasa amsar. Sai in ji ina kewar mutumin da bai taɓa shakkar tukunyarsa ba. Har ya rasu ban san ko ta nuna ba.