Na Iso Batsari Babu Surukata a Bayana

A wancan lokacin ni matashin magidanci ne a Wagini, ina noma, ina kuma dakon wake da gero zuwa kasuwar Batsari a kan wani tsohon mashin da yayana ya bar mini. Shokazobarsa ta baya, wato sifirin ɗin da ke tare nauyi da girgiza, ta gama aiki. Da an ɗora masa buhu sai ya durƙusa, abokai suna tsokanata wai mashin ɗina gaida mutanen hanya yake yi. Abin ya ishe ni, na kai shi wajen bakanike na ce ya sa masa manyan sifirin masu tauri, ya ɗaure su har ƙarshe. Ya yi, amma ya ce wannan saitin na kaya ne, duk ranar da zan ɗauki mutum in zo a sassauta. Na ce masa to, ban kuwa koma ba. Ina ta jin daɗi, don ko buhu biyu aka ɗora masa ba ya nuna ya ji.

Wata safiya matata ta roƙe ni in kai mahaifiyarta asibitin Batsari a duba mata ido, saboda ƙannen matar tawa maza duk sun tafi ci-rani. Kun dai san kunyar surukai a ƙauye. Tun da na auri ’yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, daga tsugune nake gaishe ta, kaina a ƙasa. Tsohuwa ce siririya, ba ta da wani nauyi. Da ta hau sai ta ja can baya ta zauna a kan ƙarfen ɗaura kaya, don kada ko gefen zanenta ya taɓa ni. Na so in ce ta matso ta riƙe da kyau, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa.

Akwai wani kwari a hanyar da kowa ke ƙara wuta in ya zo, saboda tsoron ’yan bindiga. Ni ma na ƙara. Mashin ya daki rami ya yi tsalle, na daidaita shi na wuce. Da tsohuwar shokazobar ce, da nan take na ji baya ya yi sama. Wannan sabon saitin kuwa, da surukata a baya da babu ita duk ɗaya ne a wajensa. Shirunta bai dame ni ba, da ma ba hira muke yi ba. A ƙofar asibiti na tsaya, na sunkuyar da kai ina jira ta sauka. Na daɗe a haka, har wani mai sayar da lemo ya tambaye ni ko lafiya, wa nake jira. Sai a lokacin na waiga.

Babu kowa a bayana, na juya da gudu. Na same ta a bakin kwarin, wasu masu jakuna sun jawo ta inuwa. Ƙugunta ya karye. Tana ganina, abin da ta fara yi shi ne ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Daga baya ta gaya wa matata cewa tun kafin ramin ta fara zamewa, ta so ta kira ni, amma ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai kawai ta ƙara riƙe ƙarfen. Ba ta sake taka ƙasa ba. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa, ba ta taɓa cewa laifina ne ba.

Har yau in ina tafiya ni kaɗai sai in ji kamar akwai mutum a bayana, in miƙa hannu in shafa kujera.

’Yan’uwana masu mashin, in kun ɗaure sifirin don kaya, ku sassauta kafin ku ɗauki tsoho. Kuma ku buɗe baki ku yi wa wanda ke bayanku magana, ko surukarku ce, ku waiga ku duba. Ni matata ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Sai dai tun daga ranar, duk nisan unguwar da za ta je, da ƙafa take tafiya.