Wankan Motar Maitama

Duk mutumin Tsiga ya san Maitama direba, ya kuma san tsohuwar motarsa mai launin toka. Shekara ashirin yana jigilar manoma da buhunansu zuwa Funtua. Ni maƙwabcinsa ne, kuma zan iya shaida cewa ya fi goge motar nan sau da yawa a kan yadda yake wanke fuskarsa.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta shekara shida ba ta gani saboda yanar ido. Da likitocin ido suka zo Malumfashi, aka sa mata ranar yin aikin idon, Alhamis da safe, ranarsu ta ƙarshe. Ran Laraba Maitama ya sa sababbin fulogi da wayoyi. Da yamma kuma ya buɗe bonet ya sheƙa wa injin ruwa bokiti uku, wai motar da za ta ɗauki uwarsa ba ta fita da datti ko a ciki.

A tsakiyar sanyi aka yi wannan wanka.

Bayan sallar asuba ya murɗa makulli. Mota ta yi tari, ta yi shiru. Ya taɓa batir, lafiya lau. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace tana mazauninta. Tsohuwa na zaune a zaure cikin bargo, da kaskon garwashi a gabanta. Ni kuwa tausayin Maitama ya kama ni.

Da ya zare waya ɗaya, sai ga ruwa kwance a ramin fulogi. Sanyi ya hana shi bushewa.

“Inna, ara mini wutarki.”

“Ɗauka, Direba,” in ji ta, don ba ta faɗin sunan ɗan fari.

Ya kwance fulogin huɗu ya jera a bakin kasko kamar mai gasa masara, ya ɗumama tsumma ya tsane ramukan. Da ya mayar da su, murɗawa biyu ta tashi.

Sun isa ana gab da kiran sunanta.

Washegari aka cire mata bandeji. Maitama ya ja ta bakin mota, yana jira ta yaba ƙyallin. Ko kallon motar ba ta yi ba. Ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta ce, “Direba, ashe ka yi furfura.”